Mai Gina Gidansa da Hannunsa Ba Sadaka Yake Nema Ba

Duk wanda ya zagaya bayan garin Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, tsakanin ƙarshen kaka da faɗuwar ruwan fari, abu guda zai yi ta cin karo da shi: tubali a shanye yana shan rana, tudun rairayi a bakin hanya, da katanga wadda ta kai ƙugu ta tsaya cik tana jiran albashin wata mai zuwa. Ranar Asabar da Lahadi za ka tarar da malamin makaranta ya tuɓe riga yana miƙa wa magini laka, ƴaƴansa na jido ruwa, uwargida ta aiko da tukunyar shinkafa da wake domin lebura. Idan ana son a faɗi gaskiya, waɗannan bayin Allah su ne ma'aikatar gidaje ta ƙasar Nijar. Wadda take da minista da tuta a gaban mota, ita kam takardu take ginawa.

Tun samun mulkin kai a 1960, babu gwamnatin da ta zo, ta soja ko ta farar hula, da ba ta yi alƙawarin gidaje ba. An kafa SONUCI domin ta yanka filaye ta gina, an kafa Crédit du Niger domin ya ba da bashin gini. Sun yi abin da suka yi, ba mu musanta ba, akwai unguwanni a Yamai da ke shaida. Sai dai in aka ƙidaya gidajen nan duka aka ajiye su kusa da yawan magidantan ƙasar, ba su fi cikin cokali ba, kuma galibi manyan ma'aikata ne suka shige su. Daga baya ma sai rijiyar ta ƙafe. A 1990 babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe bayan an daɗe ana ɗibar bashi ba a mayarwa. Shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 su ne shekarun da ma'aikaci ke shiga wata na biyu, na uku, albashi bai fito ba, har mai shagon unguwa ya san ranar biya fiye da shi kansa. Ana cikin haka, a watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke shigowa daga waje, kwanon rufi, ƙarfe, ƙusa, fenti, makulli, kuɗinsa ya tashi a dare ɗaya. Kangaye da yawa da aka bari a wancan lokaci sun tsufa a tsaye, masu su sun rasu a gidan haya.

A farkon shekarun 2000, zamanin Tandja Mamadu, gwamnati ta biya wani kaso na bashin albashin ma'aikata da filaye. Dabara ce, kuma ta nuna cewa hukuma kanta ta san abin da ke ran ma'aikaci. Amma fili a tsakiyar daji, babu famfo, babu hanya, a hannun mutumin da mai gidan haya ke bi bashin wata shida, me kuke tsammani zai faru? Da yawa sun sayar da takardun da araha ga masu kuɗi a hannu, suka biya bashi, suka koma inda suke. A 2018 an buɗe bankin gidaje, Banque de l'Habitat. Madalla. To amma banki takardar albashi yake tambaya, da takardar mallakar fili wadda ba ta da tababa. Ɗan kasuwar da ke sayar da yadi a babbar kasuwar Maraɗi, da bakanike, da direban tasha, da mai sayar da goro, wace takardar albashi za su kai? Saboda haka abin da ya rage wa mafi yawanmu shi ne abin da iyayenmu suka yi: a sayi buhu biyu yau, a buga tubali ɗari gobe, a ɗibi adashi a sayi ƙyaure.

Mu a wannan jarida ba mu ɗauki wannan hanya abin kunya ba. Hanya ce da ta tsugunar da miliyoyin mutane ba tare da baitulmali ya fitar da ko dala ba. Abin da muke cewa shi ne, mutumin da ya ɗauke wa hukuma wannan nauyi ya cancanci a share masa hanya, amma abin da yake gamuwa da shi ƙaya ce tun daga matakin farko.

Matakin farkon kuwa fili ne. Kowa ya san labarin fili guda mai takardu biyu ko uku, kowace da hatimi da sa hannu. Kowa ya san mai gonar da aka yanka gonarsa, aka ba shi kasonsa, magada suka tashi daga baya suka ce ba da yawunsu ba. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, yankan filaye ya zama saniyar tatsa ga ma'aikatun magajin gari da yawa, domin ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi ba tare da an tambayi kowa haraji ba. Ana yanka, ana sayarwa, ba a kai ruwa ba, ba a fitar da magudana ba, wani lokaci filin da aka ware wa makaranta ko asibiti shi ma a bi dare a yanka shi. Zoben itatuwan da aka soma dasawa kewaye da Yamai tun 1965 domin ya tare ƙura da iska, je ku duba abin da ya rage daga cikinsa. A 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi an naɗa kantomomi. Sauya mai riƙe da hatimi bai isa ba in rajistar tana nan a cikin duhu. Rajistar filaye ba asirin soja ba ce. Kamata ya yi duk mai son saye ya iya shiga ofis, ya faɗi lambar fili, a buɗe masa littafi ya ga sunan mai shi da idonsa, a kan kuɗi kaɗan da aka rubuta a bango. Kuma mai saye ya sani cewa takardar sayarwa da magajin gari ke bayarwa daban take da takardar mallaka ta dindindin, wadda masu faransanci ke kira «titre foncier». An sauƙaƙa samun ta biyun tun 2006 da tsarin da aka raɗa wa suna Sheda, amma har yanzu mutane da yawa sun zuba gumin shekara goma a kan ƙasar da ba su da wannan shaida a kanta.

Akwai abin da ya fi takarda biyu muni, wato fili a hanyar ruwa. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a ba su labari: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon gari a cikin fadama, har aka tashi aka koma kan tudu inda birnin yake yau. Agadas ta ga nata a watan Satumba na 2009, lokacin da ƙoramar Telwa ta ɓalle cikin dare. A 2012, sannan a 2020, kogin Kwara ya shiga unguwannin Yamai na ƙetare, irin su Lamorde da Kirkisoy da Karaje. A Satumban 2020 tsayin ruwan ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan. Daminar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Yawancin waɗanda suka rasu, ko ruwa ya tafi da su, ko ɗaki ya rufta musu suna barci. Bayan kowace ambaliya sai manya su zo da buhunan shinkafa da tabarmi da masu ɗaukar hoto, a yi jawabi a ce jama'a su daina gini a hanyar ruwa. Wa ya yanka filin? Wa ya buga hatimi? Talaka bai zaɓi kwari don yana son kukan kwaɗi ba, can ne kuɗinsa suka kai shi. Jami'in da ya sa hannu a kan yankan fili a cikin ƙorama, alhali ya san ƙorama ce, yana da kaso a cikin kowace gawa da aka tono daga ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma ya kamata doka ta tambaye shi.

Shi ma mai saye akwai nasa. Fili ba a sayensa da rani kawai a kan maganar dillali. A je a gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, a tambayi tsofaffin da suka noma wurin inda ruwa ke bi da inda yake kwana. Tafiyar yini guda ce, tana iya ceton aikin shekara goma.

Sai maganar da ta fi ɗaukar hankalinmu, wato ƙasa da siminti. Wani ciwo ya shiga zukatanmu tun zamanin Nasara: an sa mana cewa gidan ƙasa gidan talauci ne, gidan siminti shi ne na wanda ya ci gaba. Har harshen hukuma ya nuna haka, domin ginin siminti shi ake kira «dur», ko kayan gini «na dindindin», kamar dai hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa tun ƙarni na 16, ta wucin gadi ce. UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, kuma da laka aka gina shi. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya soma masallacin Juma'a da laka a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da ƙasa da itace. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, wadda masu digiri a fannin zanen gini ke mafarkin samu. A zamaninmu, Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidaje masu bene da tubalin ƙasa matsattse a Yamai a 2016, suka kuma yi masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a 2018. Baƙi na zuwa daga Turai da Amurka su ɗauki hoto, mu kuwa muna rushe soron kakanninmu mu kafa akwatin siminti da kwano.

Kowa ya san yadda akwatin nan yake a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har ya doshi 45. Tubalin siminti mai rami, faɗin santimita 15, da kwano a kansa ba rufin ciki, murhu ne. Rana na faɗuwa bango ya fara amayar da zafin da ya sha, mai gida ya kwashi tabarma ya fita tsakar gida. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana jinkirta zafin, kafin ya ratso ciki dare ya yi, iska ta sauya. Wanda ya gina murhu dole ya sayi fanka, in da hali na'urar sanyaya ɗaki, sannan ya zauna jiran wuta. Waɗanda suka ga yadda aka kwana a Yamai da Maraɗi da Damagaram bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta na 2023 sun san abin da muke nufi.

Ba za mu ɓoye raunin ƙasa ba, domin wanda ya ɓoye shi zai kashe mutane. A ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a gaban idon jama'a bayan ruwa mai yawa. Ƙasa ba ta jure ruwa ya kwanta a gindinta, ba ta jure rufi mai yoyo, ba ta kuma yafe wa wanda ya yi shekara uku bai yi yaɓe ba. Amma duba yadda gidajen ƙasa ke faɗuwa a birane: kusan kullum daga ƙasa abin ke farawa. An ɗora tubali a kan rairayi babu harsashin kirki, titi ya fi tsakar gida tudu saboda shara da cikon shekaru, babu magudana, ruwa ya kwana uku yana lasar gindin bango. Magani sananne ne, kuma bai kai kuɗin gidan siminti ba. A haƙa harsashi har a taras da ƙasa mai tauri, a cika shi da dutse ko marmara da siminti, a ɗaga shi ya haura ƙasa da kamar taƙi biyu kafin a ɗora tubalin farko. A ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida, tsakar gida ta fi titi. A sa indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango, a zuba tsakuwa ko a yi daɓe inda ruwan ke sauka. A ba bangon gabas kulawa ta musamman, domin a ƙasarmu daga gabas hadari ke tasowa, shi ne bangon da ruwa ke duka. Wanda kuma zai shafa siminti a kan bangon laka ya sani cewa ba sa kama juna da kansu: in ba a kafa ƙusoshi ko ragar waya ba, shafen zai ɓamɓare, ruwa ya shiga bayansa ya ci bangon a ɓoye, mai gida na ganin waje sumul.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Maginan Hausa, waɗanda ke da sarkinsu a kowane babban gari, sun san ƙasar da ta dace da wadda ba ta dace ba, sun san a cuɗa ta da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a taɓa ta, sun san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da katsi na marina, da laso da ake shafe soro da shi ruwa ya zame. Wannan sani yana mutuwa tare da masu shi, saboda ɗan magini ya ga babu daraja a ciki, ya tafi tuƙa babur. Makarantunmu na koyon sana'a suna koya wa yaro yadda ake zuba kankare kamar a Faransa zai yi aiki. Me zai hana a ɗauki tsofaffin maginan Damagaram da Tawa da Agadas a matsayin malamai, a biya su, tun suna da sauran numfashi?

Rufi shi ne inda ginin gargajiya ya gamu da cikas na gaskiya. Soro yana son azara, azara kuwa giginya ce, wadda gara ba ta ci, kuma giginyar Dallol Mawri da yankin Gaya ba ta isa ta rufe biranen yau ba, ga shi tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Amma an daɗe da samun mafita a cikin ƙasar nan. Tun 1980, a Shikal ta yankin Filinge, aka soma gwada ginin da ba ya bukatar itace ko kaɗan: rufi mai ƙubba ko mai baka, da ƙananan tubalan ƙasa zalla, dabarar da ta samo asali daga Nubiya a ƙasar Masar, wadda ƙungiyar Development Workshop ta yaɗa ta kuma horar da magina a kanta. Ɗakunan suna nan a tsaye a garuruwa da yawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: magini ya zama wanda ya koya da gaske, domin ƙubba tana tura bango waje, in bangon bai da kauri ko harsashi ya motsa, ba ta gargaɗi. Abin mamaki, hukumar da ke kukan hamada kowace ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, ba ta mayar da wannan gini abin koyi a azuzuwa da ɗakunan shan magani da take ginawa ba. Ranar da talaka ya ga ofishin kantoma da gidan alƙali da ƙasa aka yi su, kuma sun yi kyau, ranar zai daina jin kunyar nasa.

Siminti dai ba makawa sai an saya, ko don harsashi da ɗamarar bango da masai. Muna da ma'aikata a Malbaza tun tsakiyar shekarun 1960, amma shekara da shekaru abin da take fitarwa bai wuce wajen tan 40,000 ba, sauran sai an shigo da shi ta Kwatano ko daga Najeriya. Sabuwar ma'aikatar da aka gina a wurin ta ƙara yawan abin da ake samu sosai, duk da haka da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, masu gini sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin ɗari, ta tsayar da tan a kan jika 55 a Yamai. Mun yaba, domin abin yabo ne. Amma a yi lissafi: mafi ƙarancin albashi jika 42 ne. Ke nan ko bayan ragin, ƙaramin ma'aikaci in ya ɗauki albashinsa na wata cur, bai ci ba bai sha ba, ba zai sayi buhu 20 ba. Kuma farashin da aka rubuta a takarda sai an bi shi har shagon unguwa. In babu mai bi, ragin a aljihun dillalai yake tsayawa.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu ma'aikata da ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi, domin ba duka laifin ke wuyan hukuma ba. Babban abin da ke kashe mana gini shi ne gasa. Ma'aikacin da albashinsa bai wuce ya riƙe gida ba sai ya je a zana masa ɗaki biyar da falo biyu da gareji, don abokin karatunsa da ke kwastan haka ya yi. Ya zuba duk abin da ya tara a harsashi, ginin ya kai taga ya tsaya. Shekara takwas yana biyan haya, ƙarfen da ya bari a sama yana tsatsa, awaki na kwana a falon. Da ya yi katanga da masai da ɗaki biyu ya tare, kuɗin hayar da yake zubawa kowane wata su ne za su zama tubalin ɗaki na uku. Zanen babban gidan a yi shi tun farko, babu laifi, ran gini ran zane. A san inda kowane ɗaki zai zauna, da inda ramin masai zai kasance nesa da rijiya, don kada gobe a rushe abin da aka gina jiya. Amma a gina shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a rufe ta kafin damina. Bangon da ya sha damina biyu babu rufi ya riga ya tsufa kafin a shiga.

Abu na biyu shi ne arahar da ba ta ado. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma magina na kirki ba sa wuce tubali talatin da ƴan kai da shi in mai santimita 15 ne. Masu bugawa don sayarwa suna ja har hamsin, su shanya a rana ba ruwa, ka ɗauka ka murza da yatsa yana zuba. Wanda zai buga nasa ya tsaya a kai da kansa, ya tabbata rairayin babu laka a ciki, ya shayar da tubalin ruwa safe da yamma har mako guda, domin siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Tanon ruwan da ake jin ƙyashin saye wurin ɗan ga-ruwa ya fi buhun da za a ƙara daga baya araha. Kankaren ginshiƙi da ɗamara kuwa buhu 7 yake ci a kowace mita kubik. Wanda ya rage, kansa ya cuta. A nan ne ma ya kamata a ja layi. Ɗaki da katanga da daɓe da fenti, mutum da ƴaƴansa da magini ɗaya sun isa. Bene da rufin kankare da jan wayar lantarki ba aikin koyo a kai ba ne. Alhajin da zai ɗora hawa biyu a kan shagunansa, ya ba da miliyoyi wurin ƙarfe amma ya ƙi biyan injiniya ya lissafa masa nauyi, ya tuna cewa ba shi kaɗai zai shiga ƙarƙashin ginin ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma a kan gini aka yi karin maganar. A ƙauye har gobe ana gayya: a buga tubali tare, a ɗaga rufi tare, mai ɗaki ya ba da fura da goro. Birni ya kashe wannan, kowa ya shige bayan katangarsa. Amma mata sun nuna mana cewa ana iya raya shi da sabon salo. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a yankin Maraɗi a 1991 da asusun ƴan daloli a mako, yau an kwaikwaye su a ƙasashe da dama. Me ya hana malaman makaranta goma da suka sami filaye a wuri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi injin matsa tubali na hannu, wanda ke aiki da jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, su ɗauki magini ɗaya, su sayi kwano da ƙarfe a kan sari? Ƙungiyoyin ƙwadago, da suka iya tsayar da ƙasa cik a kan bashin albashi, ba mu ga sun sa rabin wannan ƙarfi a kan muhallin membobinsu ba. Haka ma ƴan kasuwa: mai kantin kayan gini da zai karɓi kuɗin mutum kaɗan-kaɗan, ya rubuta masa buhunansa a kan farashin ranar, ya ajiye har ya tashi aiki, zai sami ciniki kuma zai sami lada, muddin akwai rasiɗi da amana.

Abin da muke nema daga hukuma bai kai kuɗin gadar sama guda ba. Kada a sake sayar da fili sai an fitar da hanya da magudana an kafa famfo ko da na unguwa ne. A buga taswirar wuraren da ruwa ke ci a kowane gari, a manna ta a ƙofar ma'aikatar magajin gari da tasha da kasuwa, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. A zana gidaje uku ko huɗu masu sauƙi, na ƙasa da na siminti, waɗanda ake iya ginawa gaɓa-gaɓa, da lissafin kayansu, a ba duk mai so kyauta, kuma wanda ya bi zanen a ba shi izinin gini cikin mako biyu ba tare da yawo daga tebur zuwa tebur ba. A sa ma'aikacin gini ɗaya a kowace ƙaramar hukuma wanda aikinsa shi ne ya zo ya duba harsashi kafin a rufe, ya ba da shawara, ba ya zo da jan fenti ya rubuta a dakata don a gan shi a gefe ba. Bankin gidaje kuma ya fito da ƙaramin bashi na rufi, na wata goma sha biyu ko ashirin da huɗu, wanda ɗan kasuwa zai iya ɗauka da shaidar cinikinsa da lamunin ƙungiyarsa, domin a wurin rufi ne yawancin gine-ginen talakawa ke maƙalewa.

Lokacin buga tubali daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, kuma masu gini ba sa jiran taron ƙara wa juna sani a otal. A wannan rani ma dubban magidanta za su haƙa harsashi, wasunsu a kan tudu, wasunsu a tsakiyar ƙorama da takardar hukuma a aljihu. Taswirar wuraren ambaliya na manyan garuruwa tana cikin akwatunan ma'aikatu, an biya masana sun zana ta. Muna jiran kantomomin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa su fito da ita su manna kafin watan Yuni, kuma za mu aika wakilanmu su duba bangon kowace ma'aikata.